Gilashin ƙara girma sau 10: da shi nake karanta haƙoran shak

Duk mai tsintar haƙoran kifin shak da suka zama dutse, in ya tambaye ni me zai fara saya, gilashin ƙara girma na aljihu nake ce masa. Nawa mai ƙarfin sau 10 ne, irin mai gilasai uku manne da juna, yana naɗewa cikin gidansa na ƙarfe. Amfanin gilasai ukun shi ne gefen abin da kake dubawa ba ya yin dishi-dishi ko ya fito da launin shuɗi da ja, yadda masu gilashi ɗaya suke yi. Aikinmu kuwa duk a gefe yake.

Ƙashin shak guringuntsi ne, da wuya ya jure zama a ƙasa, shi ya sa haƙori da ƙashin baya muka fi samu. Launi ba ya nuna jinsi, daga ma'adinan ƙasar da haƙorin ya kwanta yake zuwa. Bakin haƙorin ake dubawa. Na megalodon, wani ƙaton shak da ya ɓace kimanin shekara miliyan 3.6 da suka wuce, yankansa ƙanana ne, a jere daidai wa daida kamar bakin zarto, kuma akwai wani tabo mai duhu tsakanin saiwa da jikin haƙorin. Na farin shak yankansa manya ne, ba su da tsari, babu tabon. Na Hemipristis kuwa, wani jinsin shak, yankan kan tsaya kafin su kai tsini. Idan guntu ka tsinta wanda ruwa ya goge, ido kaɗai ba zai raba maka su ba. Da gilashin nan, ka karkata guntun wajen rana, sai ka ga sauran yankan suna jefa 'yar inuwa ɗaya bayan ɗaya.

Riƙe shi sai an koya. Ka manna shi da ido, sannan ka kawo haƙorin kusa, kamar santimita 2.5 daga gilashin. Wanda ya miƙa shi nesa zai ce kayan banza ne.

Ya kuma yi min rana wajen saye. Haƙoran Otodus obliquus, wani shak na zamanin da, waɗanda ake haƙowa a ramukan ma'adinin fosfat na Khouribga a Maroko sun cika kasuwa, da yawa na gaske ne, amma wasu an ɗora musu saiwa da gam da yashi. A ƙarƙashin gilashi layin ɗorin yana fitowa ɓaro-ɓaro, har da ƙananan kumfan gam. Wannan ha'incin yana ɓata min rai, domin sabon shiga ake cuta da shi.

Yana da nasa aibin. Ɗan sukurun da ke riƙe da gidan yana kwancewa, dole ka riƙa ɗaure shi, kuma ruwan gishiri ya sa masa tsatsa duk da ina wanke shi. Igiyar rataya ma ba ta zo da shi ba, ni na sa. Mai sau 20 na gwada, filinsa ya yi ƙunci, hannu na ɗan rawa komai ya ɓace. Ga duwatsun kunnen kifi da haƙoran da ba su kai milimita 2 ba, sau 10 ya gaza, sai na'urar hangen ƙananan abubuwa ta kan tebur. Abin da ya fi haka girma, wannan ya ishe ka.