Sharhi kan tlmgr: girka ƙunshi da cire shi a TeX Live

Duk wanda ke tsara rubutu da LaTeX, wato tsarin shirya takardu da littattafai a kwamfuta ta hanyar rubuta umarni, ya san ranar da aiki zai tsaya cak, allo ya nuna masa cewa ba a sami wani fayil mai ƙarewa da .sty ba. A irin wannan rana ce ake sanin amfanin tlmgr, manhajar da ke kula da ƙunshe-ƙunshen TeX Live (tarin manhajoji da fayilolin da LaTeX ke aiki da su) ta layin umarni, wadda Norbert Preining ya rubuta da yaren Perl, ta kuma fara fitowa tare da TeX Live na shekarar 2008.

Girkawa ba ta da wahala ko kaɗan. Ana rubuta `tlmgr install` a bi shi da sunan ƙunshin, sai manhajar ta ɗauko shi daga CTAN, rumbun kayan TeX da ke intanet, ta haɗo da duk abin da ya dogara a kansa, sannan ta sabunta jerin fayiloli da kanta, ta yadda mutum ba ya bukatar gudanar da umarnin sabunta jerin, wato `mktexlsr`, da hannu kamar yadda ake yi a da. Inda sabon shiga ke yin tuntuɓe shi ne sunan fayil ba kullum yake zama sunan ƙunshi ba. Wanda aka ce masa babu tikz.sty, idan ya nemi a girka masa tikz ba zai samu ba, domin fayil ɗin yana cikin ƙunshin pgf ne. Maganin wannan shi ne `tlmgr search --global --file tikz.sty`, kuma a ganina wannan umarni ya fi kowanne cancantar a haddace shi.

Wajen cirewa ne manhajar ke nuna halinta na taka-tsantsan. Idan ƙunshin yana cikin wani rukuni da aka girka gaba ɗaya, `tlmgr remove` zai ƙi taɓa shi, sai an tilasta masa da `--force`, kuma ko bayan an tilasta, ba zai manta ba: zai riƙa ambaton ƙunshin a matsayin wanda aka cire da ƙarfi duk lokacin da aka duba jerin sabuntawa. Haka kuma cire ƙunshi ɗaya ba ya kwashe waɗanda suka biyo shi lokacin girkawa, saboda haka faifai yakan tara tarkace sannu a hankali. Wannan aibi ne, amma na fi son sa a kan manhajar da za ta share abin da wani littafi nawa ke bukata. Ga mai shakka kuwa akwai `--dry-run`, wanda ke nuna abin da zai faru ba tare da an taɓa komai ba.

Abu biyu ne suka fi rage mata maki. Na farko, TeX Live na fitowa sabo kowace shekara, kuma da zarar rumbun ya koma na sabuwar shekara, tsohuwar tlmgr ba za ta girka komai daga gare shi ba, sai dai a juya ta zuwa rumbun ajiyar tsofaffin shekaru ko a girka sabon TeX Live. Na biyu, a Debian da Ubuntu, waɗanda nau'o'in Linux ne, apt, manhajarsu ta girka manhajoji, ita ce ke riƙe da TeX Live, don haka tlmgr ɗin da ke zuwa a can yana aiki ne a kan babban fayil na mai amfani kaɗai, bayan an shirya masa wuri da `tlmgr init-usertree`. Wanda yake son cikakken ikon girkawa da cirewa, gara ya girka TeX Live kai tsaye da install-tl, manhajar girkawa ta TeX Live kansa.