Na'urar Totur ko Gyaran Gareji?

Matasan Katsina masu kukan motarsu na nauyin tashi hanya biyu suke dubawa: su sayi na'ura irin Pedal Commander ko Sprint Booster, ko su kai wa bakanike.

Na'urar ana jona ta ne tsakanin totur da kwamfutar mota. Ka taka kaɗan, ta gaya wa kwamfuta ka taka da yawa, sai mota ta zabura. Ƙarfin inji kuwa bai ƙaru ba ko ƙwayar zarra. Ba ta shiga tsohuwar mota wadda wayar ƙarfe ke jan totur ɗinta. Mai kyau takan daɗe, amma ta bogi kan rikita saƙon totur, fitilar gargaɗi ta kama, mota ta koma rarrafe, wataƙila kana tsakiyar hanyar Daura. A cunkoson Ƙofar Ƙaura ma zaburar nan haɗari ce, ga shan fetur.

Ni dai gareji nake fara tura mutum. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska, ta daskare a maƙogwaron inji, wato inda iska ke bi ta shiga inji. A wanke, a canza fulogi, yawanci nauyin yakan tafi, kuma kuɗin bai kai na na'urar ba.