Bugun katako da zanen hannu na Japan: wanne ne na asali?

Wani ɗan'uwa ya yi tambaya kan hotunan Japan na zamanin Edo (wajen 1603 zuwa 1868) da ke gidajen tarihi: wasu an ce bugun katako ne, wasu zanen hannu, shin na katakon kwafin na hannun ne? A'a, Malam, kowanne na asali ne, hanyar yinsu ce ta bambanta.

Zanen hannu guda ɗaya tak ake yi, da buroshi, a kan siliki ko takarda, kuma galibi mai hali ne ke sa a yi masa. Misalinsa wata mata sanye da jan kimono, rigar gargajiyar Japan, da ta waiwayo, aikin Hishikawa Moronobu wanda ya rasu a 1694. Tana Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Tokyo.

Bugun katako kuwa hannu da yawa ne. Mai zane ya zana, masassaƙi ya kife takardar a kan allon icen ceri ya manna, ya sassaƙe duk inda babu layi. Zanen farko ya tafi ke nan, wuƙa ta cinye shi, don haka babu wani "asali" da aka ɓoye a wani wuri. Sai mai bugu ya shafa tawada, ya ɗora takarda, ya murza bayanta da wani ɗan faifai da suke kira baren. Mai jari ya sayar wa mutanen gari da araha.

Na farko-farko, wajen shekarun 1670, baƙar tawada ce zalla, in ana son launi a shafa da hannu. Buga launi biyu ko uku ya zo a shekarun 1740, mai launuka da yawa kuma a 1765 da mai zane Suzuki Harunobu, kowane launi da allonsa. Ni dai baƙaƙen nan sun fi kama mini rai, domin layin ne kaɗai ke ɗauke da komai, har nauyin tufa.

Wajen adanawa duka biyun ba sa son haske, amma bugun ya fi saurin koɗewa, musamman shuɗi da ruwan hoda da aka samo daga furanni. Shi ya sa 'yan gidan Spaulding da suka ba Gidan Zane na Boston da ke Amurka tarin bugun katakonsu a 1921 suka gindaya sharaɗin kada a taɓa rataye shi a baje koli, kuma launukansa suna nan garau har yau.