Kogunan dutsen Mogao: ziyara da jagora ta ci kuɗinta

Duk mai shirin zuwa kogunan Mogao, tsoffin wuraren ibadar mabiya addinin Buda da aka haƙa a jikin dutse kusa da garin Dunhuang a lardin Gansu na ƙasar Sin, ya sayi cikakken tikiti tun da wuri, domin ana ƙayyade yawan masu shiga a kullum. Da fina-finai biyu ake farawa a cibiyar baƙi, sannan bas ta kai ku bakin dutsen. Fina-finan ba laifi, amma jagorarmu ce ta sa na ce kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Ita ke riƙe da makullai da tocila. A wani kogo ta haska hannun wani mutum-mutumi da ya karye, sai ga itace a ciki, an naɗe shi da karan fadama. Ta ce dutsen nan tsakuwa ce da yashi suka manne, ba ya sassaƙuwa, shi ya sa masu aikin suka koma ga yumɓu. Sai su kafa ƙashin itace, su ɗaure masa kara, su yaɓa laka mai gauraye da ciyawa, kamar dai yadda magini ke kwaɓa ƙasar gini don kada ta tsage. A kai sai laka mai laushi da zaren tsiro, sannan farin shafe, sannan launi daga niƙaƙƙun ma'adinai. Fuskokin da suka yi baƙi a zanen bango kuwa, jan launi ne mai dalma ya rikiɗe da tsufa.

Na daɗe ina kallon ninkin rigar wani almajirin Buda na zamanin daular Tang. Wallahi sai ka rantse yadi ne.

Babban mutum-mutumin Buda na kogo na 96, mai tsayin mita 35.5, wanda aka fara a shekarar 695, dabararsa daban: dutsen aka fafe ya zama gangar jiki, aka lulluɓe shi da laka.

An fara haƙa wurin a shekarar 366, kuma koguna 492 ne ke da zane ko mutum-mutumi, amma takwas tikitin ke ba ka. Ba a ɗaukar hoto a ciki, ba a kuma daɗewa, domin numfashin jama'a na jawo danshin da ke cin bangon. Na yarda da wannan doka ɗari bisa ɗari. Shawarata ita ce ka tsaya kusa da jagora, inda hasken tocilar ke sauka.