Sharhi kan kamfanin tallata waƙa a gidajen rediyon jami'o'in Amurka

Mawaƙin da ba shi da babban kamfani a bayansa ba kasafai yake samun shiga gidajen rediyon kasuwanci na Amurka ba, shi ya sa da yawa suke karkata ga na jami'o'i, irin su KALX ta jami'ar California da ke Berkeley da WMBR ta jami'ar MIT, waɗanda galibinsu suke tsakanin mita 88.1 da 91.9 a zangon FM, wato ɓangaren da aka keɓe wa tashoshin da ba na neman riba ba. Mun ɗauki wani ƙaramin kamfani domin ya tallata kundin ƙungiyarmu, wanda yawancin waƙoƙinsa da Hausa ne.

Ya kamata mai shirin biya ya sani tun farko cewa kuɗinsa ba ya sayen sa waƙa, domin dokar Amurka ta haramta karɓar kuɗi a ɓoye don a sa waƙa a rediyo. Abin da ake saya shi ne naci. A kowace tasha akwai daraktan kiɗa, sau da yawa ɗalibi ne, wanda yake karɓar waya a 'yan sa'o'i ƙalilan a mako, kuma ma'aikatan kamfanin sun san waɗannan sa'o'in da mutanen. A nan suka burge ni. Sun sa mun fassara baitocinmu zuwa Turanci, sannan suka manna wa kowane faifai 'yar takarda mai tabbatar da cewa babu batsa a ciki, saboda hukumar FCC, mai kula da harkokin sadarwa a Amurka, tana cin tarar tashar da ta watsa kalaman da ba su dace ba tsakanin ƙarfe 6 na safe da 10 na dare, ɗalibin da ba ya jin Hausa kuwa ba zai yi kasadar sa abin da bai fahimta ba.

Rahotonsu na mako-mako bai kai haka gamsarwa ba. Yakan nuna cewa tasha ta karɓi kundin, amma karɓa daban, sawa daban, sai da muka riƙa duba jerin waƙoƙin da tashoshi suke wallafawa a shafin intanet na Spinitron kafin mu san gaskiyar lamari. Ma'aikatan kamfanin suna kuma yawan zuzuta jadawalin NACC, wato jerin kundayen da aka fi sawa a rediyon jami'o'i, wanda ya maye gurbin na mujallar CMJ a 2017, alhali ba ya kawo ko sisi kai tsaye. Rediyon FM a Amurka marubucin waƙa kawai yake biya, ta hannun ƙungiyoyin karɓar kuɗin haƙƙin mallaka irin su ASCAP ko BMI, ba ya biyan wanda ya rera ta.

Wanda yake shirin zagayen wasanni a garuruwan jami'o'i zai ci moriyar wannan aiki, musamman idan ya kauce wa hutun bazara lokacin da ɗalibai suke watsewa. Wanda ba shi da wannan shiri, gara ya zaɓi tashoshi kaɗan masu shirin kiɗan Afirka ya rubuta musu da kansa.