Tirenin ɗin ceton zuciya da aka yi mana a makaranta: ya yi, amma ina na'urar?

Ranar Asabar ɗin da ta wuce mai makarantarmu a nan Agege ya ɗauko wani kamfani suka zo suka koya mana CPR, wato danna ƙirji da hura numfashi ga wanda zuciyarsa ta tsaya, da yadda ake aiki da na'urar nan AED mai ba zuciya shokin. Gaskiya da ƙunƙuni na je, Asabar ce kaɗai ranar da nake hutawa, amma yanzu da kaina nake cewa duk malamin da ya samu dama ya je.

Mai koyarwar nas ce, ta san aikinta. Da farko ta tambaye mu me muke yi idan yaro ya yanke jiki ya faɗi a asambuli, nan fa aka fara lissafi, a zuba ruwa, a yi fifita, a tura cokali a baki, a shaƙa masa albasa, wani malami ma ya ce ai shi tofi zai fara. Ba ta yi mana dariya ba. Ta ce addu'a a yi ta, amma hannu ya riƙa aiki, cokali kuwa a daina kwata-kwata. Idan mutum ba ya amsawa kuma ba ya numfashi daidai, a ɗauka zuciya ce ta tsaya, kuma ƙwaƙwalwa na fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6 idan jini bai kai mata ba. To ka auna wannan da gosulo na Iyana Ipaja ko Pen Cinema, ko ka kira 112 ko 767 nan take, motar ɗaukar marasa lafiya ta gwamnatin Legas, LASAMBUS, ba fuka-fuki gare ta ba.

Wajen danna ƙirji ne na sha mamaki. Ashe ba shafawa ba ce, ƙarfi ake sawa, a tsakiyar ƙirji, ya lotsa kamar santimita 5 ga babba, sau 100 zuwa 120 a minti, dannawa 30 sai hura numfashi 2. Minti biyu na yi a kan mutum-mutumin roba gumi ya jiƙa min riga, shi ya sa ma aka ce a riƙa karɓa-karɓa. Na'urar kuma wallahi ta fi wayata sauƙi, kana kunnawa za ta fara magana, ka manna filasta ɗaya ƙasan ƙashin wuya na dama ɗaya a gefen hagu ƙasan hammata, ita ke duba bugun da kanta, idan ba irin wanda shokin zai gyara ba ne ba za ta bayar ba ko ka danna. Wannan ya cire min tsoron kar in kashe ɗan mutane. Yaran da ba su kai shekara 8 ba suna da nasu ƙananan filasta.

Inda suka gaza: mutum-mutumi biyu kacal suka kawo mana mu duka, wasu sau ɗaya suka taɓa. Komai da Turanci da Fijin, na'urar ma Turanci take yi, masu gadinmu da Inna mai sayar da abinci, waɗanda su ne kullum a tsakar makaranta lokacin tara, ni na koma ina yi musu tafinta. Sannan maganar buɗe ƙirjin mace, da ba don wata malama ta daure ta tambaya ba da an wuce ta. Amsar dai mai kyau ce, filasta dole sai a kan fata, a sa mata su yi idan suna kusa, a kare da mayafi, amma kar a tsaya neman mace rai na fita.

Abin da ya fi tsaya min shi ne ƙarshen zaman. Suka naɗe na'urarsu suka tafi, ta koyo ce dama, da mai makaranta ya ji kuɗin ta gaske sai ya yi shiru yana shafa gemu. Ga batir da filasta duk suna da ranar ƙarewa, sai an riƙa canzawa. A Ingila gwamnati ce ta raba wa makarantunta na'urorin, aka kammala a 2023. Christian Eriksen ya faɗi a fili a 2021 a wasan Denmark da Finland, aka danna ƙirji aka ba shi shokin, ya dawo har ya ci gaba da buga ƙwallo. Mu kuwa dattawa ba su manta Samuel Okwaraji ba, ɗan ƙwallon Najeriya da ya faɗi a fili ya rasu ranar 12 ga Agusta 1989, nan Surulere a wasa da Angola. Gwamnatin Legas da ke iya tilasta mana ajiye tukunyar kashe gobara, me zai hana ta sayi wannan ko da ɗaya ce ga makarantun da ke layi ɗaya, ta haɗa da mu masu zaman kansu da Islamiyyu?

Kamfanin dai na ba su maki 4 cikin 5. Satifiket ya iso jiya, sun rubuta sunana ba daidai ba. Batun na'ura kuma mun sa shi a ajandar taron iyaye na wata mai zuwa, ko za a yi karo-karo da makarantar da ke bayanmu.