Daga Marsey ta Faransa zuwa bakin kogin Yamai: batun injin da ya rasa ƙarfi

Yaya, ina gaisuwa, ina tambayar lafiyar Inna da yara. Na saurari saƙon muryar da ka turo, har da kukan injin jirgin ruwanka. Ka ce yana tashi da ja ɗaya ko biyu, yana aiki lafiya a bakin gaɓa, amma in an loda kaya za a haura Bubon ran Laraba sai ya yi nauyi, kamar ana riƙe shi ta baya. Ka ce kuma makanike ya ce a buɗe a canza fistan. Don Allah kar a buɗe tukuna.

A garajin da nake aiki nan bakin teku, ba a kwance inji sai an auna. Dalilin kuɗi ne, ba wai sun fi mutanenmu basira ba. Awa guda ta aikin makaniken jirgi ta haura yuro 50, wato fiye da jaka 32 tamu, tunda yuro ɗaya sefa 656 ne. Wanda zai biya haka ba ya yarda a yi masa lalube. Shi ya sa suke da tsari: a fara da abin da ba ya cin ko dala, a ƙare da mai tsada. Tsarin nan kyauta ne, ku ma kuna iya binsa a Gamkale.

Da farko ka kasa kunne. In ka murɗa hannu, kukan injin yana hawa sama amma jirgi bai gudu, ko kuwa kukan kansa ne ya ƙi hawa? In na farko ne, injin ba shi da laifi, farfela za ka duba. A cikin cibiyarta akwai roba da ke riƙe ta da sandar ƙarfe, in ta taɓa dukan dutse ko tudun yashi sai robar ta saki, ta riƙa zamewa in an sa nauyi. Ka ja layi da fenti daga cibiya zuwa jikin farfelar, ka yi ɗan zagaye da kaya, ka ɗaga. In layin ya rabu biyu, ka sami ɓarawon. Ka duba kuma ko zaren taru ko ciyawar ruwa sun naɗe a bayanta. Zaren nan mugu ne, yana yanka robar da ke tare ruwa, sai ka ga man giya ya koma fari.

In kuwa kukan ne ya ƙi hawa, sai a koma kan mai, don nan ne yawancin ciwon yake. Ka sassauta ɗan murfin shan iska na tanki, sau da yawa shi kaɗai ne. Sannan wani ya riƙe tuƙi, kai kana matsa ƙwallon robar da ke jikin tiyo. In inji ya farfaɗo duk lokacin da ka matsa, to famfon mai ya gaji, ko tiyo na shan iska ta wani tsago. In bai canza ba, ka ɗan ja cok, abin nan da ke rage iskar da ke shiga inji, kana cikin tafiya. In ya ƙara ƙarfi, mai ne bai isarsa, ke nan ɗan ramin da mai ke bi cikin kafireto ya toshe. A wanke da esansi da iska. Kar a bari yaro ya zura masa allura, ramin zai faɗaɗa, inji ya koma shan mai ba gaira ba dalili.

Mai kuwa kowa da irin tasa matsalar. Ku can kuna fama da na kwalba wajen ƴan ruwa-ruwa, ga ƙura ga ruwa. Nan man tasha tsaf yake, amma tun 2009 ake sayar da wani da ake kira SP95-E10, an gauraya shi da etanol har kashi 10 cikin ɗari. Etanol yana jan danshi, yana kuma cin robar tsofaffin tiyo. Mutanen nan sai su ajiye jirgi duk lokacin sanyi da rabin tanki, bazara ta zo su kawo mana kafireto cike da danko. Rashin aiki ke kashe injinsu, naku kuma yawan aiki. Kafin ka zuba mai, ka tsiyaya kaɗan a kwalba mai haske ka bar shi ya kwanta, in da ruwa za ka gan shi a ƙasa. Kuma a daina gauraya da baƙin man mota. Man injin ruwa daban ne, za ka ga an rubuta TC-W3 a jikin galan. Yawancin irin naka ana zuba kashi 2 cikin ɗari, wato rabin lita a tanki mai lita 25, amma ka bi abin da ke rubuce a jikin naka.

Sai wuta. Injinka silinda biyu gare shi, kuma yana iya tafiya da ɗaya ba ka sani ba, sai dai rabin ƙarfi da karkarwa. Ka ciro buji biyun, wato masu ba da tartsatsin wuta, ka jera. Mai lafiya bakinsa ruwan ƙasa ne, a bushe. Baƙi jiƙe da mai bai ƙonawa. Wanda ya yi fes kamar sabo alhali tsoho ne, ruwa ke shiga ɗakinsa. Ka musanya musu wuri, in ciwon ya bi bujin, ka huta da kuɗi kaɗan. Ka kuma leƙa ko murɗa hannu na buɗe kafireto har ƙarshe, wayar tana saki da tsufa.

Ka lura da ɗan ruwan da inji ke tsartarwa ta baya. In ya yi rauni ko ya yi zafi sosai, robar famfon ruwa ta cinye. Nan ana canza ta duk shekara ko biyu ko da ba ta nuna komai ba. A kogin Isa namu na Yamai, inda ruwa ke janyewa daga Afrilu zuwa Yuni kuna bi ta kan yashi, ai ta fi saurin mutuwa. Inji mai zafi yana rasa ƙarfi, in aka matsa masa kuma fistan ya kama.

Bayan duk wannan ne ake maganar fistan, shi ma da awo. Akwai ɗan agogo da ake ɗaurawa a ramin buji, a buɗe mai gaba ɗaya, a ja igiya sau huɗu ko biyar, allura ta nuna ƙarfin matsi. Abin dubawa shi ne silinda biyun su yi kusa da juna. In ɗaya ya gaza ɗayan da fiye da kashi 10 cikin ɗari, to makanikenka ya yi gaskiya, zobba ko fistan sun tafi. Agogon nan bai kai kuɗin awa guda ta aiki ba a nan, shi zan aiko maka.

Inda muka fi su kuwa, gyara. Nan in inji ya tsufa, sai a lissafa wa mai shi kuɗin aiki, ya ga sabo ya fi masa, a tura tsohon bola. Na ga an yar da abin da in a kasuwar Katako ne, sai an yi rububinsa. Tun 2007 dokar hayaƙi ta Tarayyar Turai ta sa aka daina sayar da sababbin injuna masu gaurayen mai da kafireto ga jiragen shaƙatawa. Na yanzu ba hayaƙi, ba ƙara, mai kaɗan suke sha, amma in sun yi tari sai an jona kwamfuta. Don haka maganar da ka yi ta in nemo maka ɗan Turai, ni ban ba ka shawara ba. Enduro ɗinka na Yamaha da sifana da sukuddireba ake gama shi, kayansa kuma suna nan kusa da kai. Abin da na yaba musu shi ne kayan gyara: ka ba da lambar inji, a kawo maka daidai, na ainihi, a cikin kwanaki kaɗan. Akwai kuma igiyar da direba ke ɗaurawa a hannu, in ya faɗa ruwa inji ya mutu nan take. Na san an cire taka, a mayar da ita.

Ka ɗauko hoton ɗan farantin da ke jikin maƙalin injin, inda lambobi suke, da hoton buji biyun, ka turo. Da lambar zan sayi robar famfon ruwa da ta famfon mai, in haɗa da agogon, in ba wanda zai sauka Yamai. A gaida Inna da mutanen gaɓa duka.